Hawan Jinin da Na Raina Har Ya Kayar da Ni

Makera, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a masaukinka na Fatakwal, gajiyar hanya ta sake ka. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya sa aikin nan da ka samu ya zame maka alheri, ya haɗa ka da abokan zama nagari. Babanka yana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don tun kafin ka tafi na rubuta takardar na cusa ta a cikin kayanka. Kwana huɗu na yi a kanta, ka san rubutun yaƙi da jahilci ba ya sauri. Ka daure ka karanta har ƙarshe, ko da wani wurin zai ɓata maka rai.

Ranar Litinin ina ninke maka kaya na ga takardar asibitin da aka ba ka lokacin da aka duba lafiyarku don ɗaukar aiki. Turancin ban gane ba, amma lambobin nan guda biyu, ɗaya a saman ɗaya, na san su kamar yadda na san sunana. Ɗari da hamsin a sama, casa'in da biyar a ƙasa. Da ka shigo na tambaye ka, sai ka yi dariya ka ce, "Haba Mama, gajiya ce kawai. Da gudu na hau benen, ga rana. Ni da ko ciwon kai ba na yi?" Na ci gaba da ninke kayan, ka ɗauka na gamsu. Ban gamsu ba. Maganar da ka faɗa ita na taɓa faɗa da bakina.

Ban ce lallai kana da hawan jini ba. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita a ranaku daban-daban mutum yana zaune a natse. Amma lambar da ta haura ɗari da arba'in a sama ko casa'in a ƙasa ba ta dariya ba ce. Ka san na faɗi, ka san ƙafata ta hagu har yau sai na ja ta. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda na kai kaina wurin. Kana makaranta a Zariya lokacin, kuma ni na hana a gaya maka. Yau zan gaya maka da kaina.

Kuskurena na farko, ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku yadda mahaifina ya rasu ba, shi da aka sa maka sunansa har nake ce maka Baffa. Mahauci ne a Funtuwa, ƙaƙƙarfan mutum, ba a taɓa ganin sa a kwance da rana ba. Wata ranar kasuwa da la'asar ya tsuguna zai yi alwala, buta ta suɓuce masa, ya kife a wurin. Aka ce iska ce ta buge shi. Kwana uku ana hayaƙi ana shafe-shafe, bai ce uffan ba har ya cika. Bayan shi, ƙanwarsa Gwaggo Hansatu ta yi shekaru tana jan ƙafa, ita ma aka ce iskar gidanmu ce. Ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa da juna ba sai da nake kwance a gadon asibiti likita ya tambaye ni, "Hajiya, akwai wanda ya taɓa irin wannan faɗuwar a danginku?" Na fara ƙirga mutane da yatsun hannun da ya rage mini mai motsi.

To ka sani, ciwon nan yana bin jini. Ba dole ne duk ɗan gida ya same shi ba, amma wanda uwarsa da kakansa suka yi shi ba ɗaya yake da sauran mutane ba. Duk likitan da ka zauna a gabansa, ko da ciwon haƙori ya kai ka, ka gaya masa. Ƙuruciya kuma ba ta kare kowa. Na ga matasa sa'anninka a layin asibiti, wani ma da kayan ƙwallo yake zuwa.

Kuskurena na biyu a bakin murhu na yi shi. Ka tashi ka ga rumfata ta abinci a ƙofar masaƙa a Kakuri, ka san yadda ma'aikata ke yin layi idan an tashi. Ana yabon miyata, ni kuwa na san sirrin. Hannuna yana da nauyi a gishiri. Dunƙule kuwa ba na ƙirgawa, watsawa nake yi. Ga kanwa a miyar kuka da ta kuɓewa, ga manja har ya kwanta a saman kwano. Kowace tukunya sai na ɗanɗana sau uku, kuma kitse da ganda da suka rage a gindin tukunya su ne abincin ranata, in kora da lemon kwalba mai sanyi. Na yi ƙiba har zanena ya daina zagaye ni yadda ya saba. Mata suna cewa, "Hajiya Asabe kin samu hutu," ni kuma ina jin daɗi. Ina wuni a kan kujera 'yar tsuguno, daga gida zuwa rumfa ma sai na hau mota. Ina ganin aiki nake yi tuƙuru, ashe jikina a zaune yake.

Kai yanzu ba ka da mata, a waje za ka riƙa cin abinci, kuma ni mai sayar da abinci ce, na san abin da muke zubawa don mutum ya dawo gobe. Ka koyi dafa wake da doya da ganye da kanka, ba abin kunya ba ne. Idan an kawo maka abinci kada ka ƙara gishiri. Tsire da kilishi ka mayar da su na marmari, yajin nan rabinsa gishiri ne da dunƙule. Taliyar leda da shayin mai shayi kullum safe da yamma, ban yarda ba. Ka ci lemo da ayaba da gwanda, can ƙasar ba sa wuya. Ka yi tafiya a ƙasa kullum, ko ta rabin awa ce, har ka ji gumi ya tsatso. Sannan maganar taba. Kana tsammanin ban sani ba. Na sani tun bara, warinta ba ya fita daga wuyan riga ko an wanke. Ban gaya wa babanka ba, kuma ba zan gaya masa ba. Amma taba da hawan jini idan suka haɗu, jijiyoyin jini ne suke shan wahala. Ka yar da ita, Baffa. Giya kuwa na san tarbiyyar da muka yi maka, ba sai na tsaya a kanta ba.

Kuskure na uku shi ne raini. Ka san Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar wajen Kafanchan, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a Barnawa. Wata rana da yamma ta shigo karɓar daddawa da jakar aikinta a kafaɗa, ta tsaya tana kallona ina haki don kawai na ɗauko turmi.

"Hajiya, zauna in gwada ki," in ji ta.

Na ce, "Gwada me? Lafiyata lau."

"To ai ba zafi. Kawo hannu."

Ta ɗaura mini abin awon, ta matsa, ta saurara. Ta kwance ta ce in huta, ta sake ɗaurawa. Sai na ga fara'arta ta ɗauke. Ta ce, "Ɗari da tamanin ne a sama. Gobe da safe zan biyo mu tafi tare."

Na yi dariya na ce, "Sista, gajiya ce. Tun asuba nake tsaye. Ni ko kaina ba ya ciwo."

Ta ce, "Shi ya sa nake jin tsoronsa, Hajiya. Zazzaɓi yana yin sallama. Wannan ba ya yi."

Wata uku tana bi na kafin na je. A tsakanin nan idan jikina ya yi tsami sai in aika kemis a haɗo mini maganin ciwon jiki, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙullin leda, in watsa. Daga baya na ji cewa wasu daga cikin irin waɗannan magungunan su ma suna ƙara hawan jini, kuma suna taɓa ƙoda. Ka kiyaye haɗe-haɗen kemis. Kuma kada ka jira ciwon kai ko jiri ya gaya maka halin da jininka yake ciki. Ranar da nawa ya fi hawa ranar nake jin kaina garau. Abin awo ne kaɗai yake faɗar gaskiya.

Da na je, likita ya ɗora ni a kan ƙwayoyi biyu. Ɗaya ƙarama ce fara, mai sa fitsari. Ya ce mini a fili, "Wannan magani ba na sati ba ne, ba na wata ba ne. Ko kin ji daɗin jikinki kada ki daina." Na ce to. Na sha kusan shekara guda, na ɗan rage gishiri, jinin ya sauka. Sista ta yi murna.

Sai ga kuskure na huɗu, wanda ya fi duka, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki aka buɗe siyasa, garin nan ya ɗauki zafi. Ko'ina taro, kuma kowane taro sai da abinci. Aiki ya buɗe mini irin wanda ban taɓa gani ba. Yau a kira ni Barnawa, gobe Nasarawa, jibi wani fili a bayan makaranta. Ni ba ruwana da jam'iyya, wanda ya ce in dafa sai in dafa. Amma ka yi tunanin mace a tsakiyar fili, maza sun cika ko'ina, babu banɗaki, ga ƙwayar nan tana tashi na bayan kowace awa. Wata rana sai da na shiga gidan mutanen da ban sani ba sau uku ina roƙon su bari in kewaya. Na ji kunya ƙwarai. Washegari na ce bari in tsallake yau kawai. Na tsallake, ban ji komai ba. Na sake tsallakewa. Daga nan na bar ta gaba ɗaya, sannan na bar ɗayar ma, don na ce ai na warke.

A kwanakin ne wani mai maganin gargajiya ya riƙa tsayawa a bakin kasuwa da lasifika a kan mota, yana cewa jiƙonsa yana wanke hawan jini har abada, ba irin na asibiti da ake sha har mutuwa ba. Maganar ta yi mini daɗi a kunne. Na sayi galan guda, ina kurɓa safe da yamma, ɗacinsa ma kaɗai ya sa na yarda yana aiki.

Babanka shi yake karɓo mini maganin asibiti duk wata. Kullum da safe kafin ya fita sai ya ce, "Asabe, kin sha?" In ce, "Na sha, Malam." Ƙwayoyin kuwa ina ɓallewa ina zubawa a wani tsohon gwangwanin madara a bayan tukwane. Wata biyar ina yi masa wannan ƙarya. Sista idan ta zo da abin awo sai in ce ina sauri.

Ka san Talatu, wadda rumfarta ke jikin tawa. Mun daɗe ba ma shiri, a kan masu sayen abinci da a kan inda kowa zai ajiye benci. Da aka gama zaɓe aka zo walimar rantsar da kansilan unguwarmu, ni da ita muka nemi aikin, aka ba ni. Ta yi fushi, har ta faɗi a gaban mata cewa in yi a hankali da haɗama.

Ranar walimar da hantsi ina tsaye a kan tukunyar tuwo ta uku a rumfata, sai muciya ta faɗi daga hannuna na hagu. Na sunkuya zan ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki zan kira mai taya ni, sai na ji wata irin magana tana fita wadda ni kaina ban gane ba. Ƙafata ta lanƙwashe, na zube a gefen murhu. Ina ji, ina gani, amma jikin ba nawa ba ne. Mata suka taru. Wata ta ce a kawo tafarnuwa, wata ta ce a kwantar da ni a inuwa a kira malami, wata tana ƙoƙarin ɗura mini ruwa. Sai na ji muryar Talatu.

"Ku matsa! Kada wadda ta ba ta ruwa, shaƙewa za ta yi. Ba ku ga bakinta ya karkace ba? Haka mijina ya yi. Asibiti za a kai ta yanzun nan."

Ita ta fita titi ta tare motar haya, ta sa fasinjoji suka sauka. A cinyarta na ɗora kai har asibiti, zanenta duk miyauna. Likita ya ce da an ƙara ɓata lokaci da labarin ya bambanta. Ya tambaye ni ko ina shan magani. Babanka yana tsaye, sai ya amsa mini, "Kullum tana sha, likita, ni nake karɓowa." Na ɗaga kai alamar haka ne.

To daga nan magana ta tashi a unguwa. Tunda tana shan magani kuma ta faɗi, ai ba ciwon asibiti ba ne. Wa ya ce ta yi a hankali? Wa aka hana aikin? Aka ce Talatu ce ta jefe ni, kuma kai ni asibitin da ta yi don ta rufe sawu ne. Mata suna zuwa dubiya suna faɗa a gabana. Bakina ya dawo a sati na uku, ina iya cewa ƙarya ne. Ban ce ba. Na gwammace a zargi baiwar Allah da a ce ni na jawo wa kaina. Mutane suka guji abincinta har ta rufe rumfar, ta koma unguwar Tirkaniya tana suyar masa a ƙofar gida. Kai ma da ka zo hutu ka ji maganar a gari, ka daina gaishe ta. Na gani, na yi shiru.

Allah bai bar ni a haka ba. Wata rana babanka yana neman wani abu a bayan tukwane ya ci karo da gwangwanin. Ya shigo ɗaki ya ajiye shi a gabana a buɗe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Asabe, ni na yafe tawa. Amma akwai wadda aka ɓata wa suna a kan wannan gwangwanin, kuma ni ba zan iya yafe miki tata ba." Na yi kukan da ban yi ba ranar da na faɗi.

Da na fara takawa da sanda, Sista ta raka ni Tirkaniya. Muka tarar da Talatu tana juya masa a tanda. Ta gan ni, ta ci gaba da aikinta. Na zauna a ƙasa a gabanta, don ƙafar ba ta tsuguno, na faɗa mata komai. Ta kwashe masar da ke cikin tanda. Sannan ta ce, "Asabe, ni na ɗauke ki. Har yau ban saka zanen nan ba, idan na gan shi raina ɓaci yake yi." Na ce na sani, ki yafe mini don Allah. Ta ce, "Yafiya ba wuya. Amma a gaban mutane aka ɓata ni." Na gane abin da take nufi. Ranar wani suna a layinmu, mata sun cika tsakar gida, na miƙe da sandata na faɗi gaskiya da bakina, na ce babu wanda ya jefe ni, magani na daina sha. Wasu suka sunkuyar da kai. Rumfar Talatu dai ba ta dawo ba, wani ya riga ya kama wurin. Wannan nauyin har yau yana kaina. Idan ka zo hutu, gidanta za ka fara zuwa ka gaishe ta ka ba ta haƙuri, kafin ka shigo nan.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe game da magani, idan har likita ya ce sai ka sha. Maganin hawan jini ba ya kashe ciwon, riƙe shi yake yi, ranar da ka sake shi sai ya koma inda yake. Saukar jinin alama ce ta cewa maganin yana aiki, ba alamar ka warke ba. Idan wata ƙwaya ta dame ka, kada ka daina a ɓoye, ka koma ka faɗa. Ni da na buɗe baki na gaya wa likita abin da ƙwayar fitsari ta yi mini a filin taro, sai ya kama kai ya ce, "Hajiya, da kin faɗa ai da mun gyara. Magungunan iri-iri ne." Bayan nan an ba ni wata ta sa ni busasshen tari, na faɗa aka canza. Wadda nake sha yanzu ta ɗan kumbura mini ƙafa da farko, aka daidaita ta, shi ke nan. Akwai kuma abin da maza suke tsoro game da maganin nan, suna raɗa wa juna a majalisa. Kunya ba za ta hana ni faɗa ba, tunda aure yana gabanka. Idan ka ga wani canji, likita za ka gaya wa, akwai abin da zai yi. Kuma Sista ta ce hawan jinin da aka bari babu magani shi kansa yana kawo wannan matsalar.

Kada ka sha maganin abokinka don kun ce ciwonku ɗaya. Kada ka bari ya ƙare kafin ka karɓo wani. Idan azumi ya zo ka je tun kafin a ga wata a tsara maka lokacin sha. Zoɓo ba sukari da tafarnuwa ba laifi, ni ma ina amfani da su, amma ba sa zama a madadin ƙwaya. Addu'a kuwa ka riƙe ta da kyau, tare da maganin, don wanda ya saukar da ciwo shi ya ba likita sani. Kuma ko a wurin aiki ko a masallaci ka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kada a tsaya fifita da shafe-shafe. A ɗauke shi sai asibiti.

Abu ɗaya ya rage, shi ne zuciya. Irin tawa ka ɗauko, mai saurin tafasa da riƙe abu. Za ka haɗu da shugaban da zai yi maka tsawa a kan laifin da ba naka ba. Idan ka ji wuyanka ya ɗau zafi ka tashi ka yi alwala, ka zaga. Ka yi barci isasshe. Ba kowane aiki ake karɓa ba, ni na karɓi duk wanda ya zo har na rasa shekara guda cur a kwance da zaune.

Kada wannan takarda ta tsorata ka. Ba don ka ji tsoro na rubuta ba, don na san abin yana da mafita. Dube ni. Kullum bayan sallar asuba ni da Sista muna takawa har bakin titin Kakuri mu dawo, yanzu ko sanda ba na ɗauka. Zannuwan da na ajiye sun koma zagaye ni. Miyata daddawa ce da citta da tafarnuwa da albasa, gishiri ɗan kaɗan. Babanka ya yi mita sati uku yana cewa abincin asibiti nake ba shi, yanzu idan ya ci na waje sai ya dawo yana cewa sun cika gishiri. Ƙwayata tana kusa da buta, ina idar da alwalar asuba nake sha, kuma a gabansa nake haɗiyewa ba don ya tambaya ba. Zuwana asibiti na ƙarshe ɗari da talatin aka samu a sama, tamanin a ƙasa. Likita ya ce in riƙa yi wa sababbin zuwa bayani a layi, kuma ina yi, har sun gaji da ni.

Abin da nake nema a wurinka kaɗan ne. A satinka na farko ka nemi asibiti kusa da kai a auna ka, ka koma a sake bayan kwana biyu ko uku, ka bi abin da likita ya ce. Ka rubuto mini lambobin yadda suke, kada ka rage ko ɗaya, ni ba a yi mini wannan wayon don na riga kowa iya shi. Ni sai da na faɗi ƙasa na koya, kuma ban faɗi ni kaɗai ba, na ja wata baiwar Allah. Kai an ba ka takarda a hannu kana tsaye da ƙafafunka biyu. Na san ɗan da na haifa, idan ya gane abu ba ya wasa da shi.

Allah ya tsare mini kai a zaune da tafiye. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa da zuciya mai sanyi, ya raba ka da abin da ya sami uwarka da kakanka. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya, ya dawo mana da kai cikin aminci. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba. Kai ma ka yafe mini shirun da na yi.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarka,
Asabe.